Safara'u da Kunyar 'Yar Fari

A unguwar Badarawa ta Kaduna, da wuya ka sami macen da ta haihu ba ta san hannun Inna Safara'u ba, kuma babu wadda ta fara saninsa da daɗi. Ita ce mai wankan jegon unguwa. Gajeriya ce siririya, in ka gan ta sai ka ce iska za ta ɗauke ta. Amma bari ta tsoma damin ganyen dogon yaro cikin ruwan zafi ta tsula wa mai jego a gadon baya, nan za ka ji matar babban ma'aikaci tana kiran uwarta. Safara'u ba ta iya rarrashi ba. Iyakarta ta ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, ta sake tsoma ganye. In an yi arba'in, matan nan da suka tsine mata a zuci su ne ke aiko mata da turmin zani, don sun ga yadda jikinsu ya koma. Ma'aikatan asibiti sun daɗe suna fama da ita a kan zafin ruwa da yawan kanwa a kunu. Ta rage, amma har gobe tana ƙunƙuni.

Mace ɗaya ce a duniya Safara'u ba ta taɓa tunanin za ta yi wa wanka ba, ita ce Shamsiyya, 'yarta ta fari. Safara'u tarbiyyar mutanen da ce, na ƙauyukan Zazzau, inda uwa ke kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye Shamsiyya aka miƙa ta ga Gwaggo Delu, yayar Malam Sabo mijin Safara'u, can Katabu. Tun daga nan ta zama "'yar Delu" a bakin Safara'u, ita kuma yarinyar ta taso tana ce mata Yaya. Ranar da aka ɗaura mata aure da Ubaidullah, wani ma'aikacin gwamnati, Safara'u gidan maƙwabta ta wuni. Ko 'yar wani ce mai irin sunan ta zo wucewa, sai dai ta ce "ke yarinya."

Yaran yanzu sai su ce rashin so ne. Ba su san komai ba. Duk abin kirkin da ya shigo hannun Safara'u, Katabu yake tafiya da sunan tsarabar Gwaggo. Da Shamsiyya ta yi ɓari na farko, da na biyu, Safara'u ba ta je ba, amma ta rame har zani ya daina zama a ƙugunta. Son 'yar nan ya fi ƙarfinta, kunyar kuma ta fi son ƙarfi. Ta dogara da cewa Delu na nan. Sai ga shi a daminar da ta gabaci annobar korona Allah ya karɓi Delu.

Da cutar ta shigo, aka sa dokar kulle a Kaduna. Aka rufe kasuwa da makarantu da masallatai, aka hana acaɓa da keke mai ƙafa uku, aka tare hanyoyin shiga gari. Ana cikin haka, ranar wata Alhamis da la'asar, wayar Safara'u ta yi ƙara. Ubaidullah ne. Surukin da ko haɗa ido ba sa yi, yau shi ne ya kira ta da kansa. Ya ce Shamsiyya ta sauka lafiya, namiji ne, an sallamo su daga asibiti. Sai dai babu mai yi mata wanka, mahaifiyarsa na Zariya hanya a rufe, shi kuwa ko kunu bai iya damawa ba.

"Inna, ba mu da kowa," in ji shi.

Safara'u ta ce Allah ya raya, ta kashe wayar. A saninta, mai jegon da ta kwana biyu ba ruwan zafi sanyi ya shige ta ke nan, ciwon da za ta daɗe tana jinya. Ranar da ake sassauta doka a fita cefane kuwa da saura.

Da gari ya waye ta ɗaure garin kunu da yajin jego a tsumma, ta karyo rassan dogon yaron ƙofar gida, ta rufe hanci da baki da takunkumin da tela ya ɗinka mata. Malam Sabo ya tambaye ta ina za ta. Ta ce unguwar Kinkinau, gidan 'yar yayarsa. Ya dube ta ya dubi ganyen, ya ce Allah ya kai ta lafiya.

Tun tana amarya take garin nan, amma ba ta taɓa ganin Kaduna ba sai ranar. Da ta fito babban titi ta tsaya cak. Titin da sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka, ga shi shimfiɗe fayau har iya ganinta, awaki sun kwanta a tsakiyarsa suna tuƙa. Babu hon, babu hayaƙi, babu kwandasta mai ihun neman fasinjan Kawo. Tana jin ƙarar silifas ɗinta. Tana jin kurciya a kan bishiyoyin Unguwar Sarki, ita da ta ɗauka kurciyoyin garin sun ƙare tuntuni. Mangwaro ya nuna ya zubo a bakin hanya ba mai tsinta. Ta tuna abin da ta ji a rediyo, wai har Makka an hana ɗawafi, kuma abin da ya jawo duk wannan ido ma ba ya ganinsa. Ta yi ta tasbihi tana tafiya, tsoron Allah da mamakin ikonsa sun cika mata ciki.

Kusa da babbar kasuwa ta tarar da shinge. Wani matashin jami'i ya tare ta, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi inda za ta. Ta ce wankan jego za ta yi a Kinkinau. Ya dubi ganyen da ke kanta, da alama shi ma ya san aikinsa a gidansu.

"Mama, 'yarki ce ta haihu?"

Amsa ɗaya ce, kalma ɗaya. Safara'u ta buɗe baki, sai ta ji tsohon halin ya riga ta.

"'Yar yayar maigidana ce."

Jami'in ya ce to ta yi haƙuri ta koma, dangin da ke kusa su yi, da 'yar cikinta ce da ya san yadda zai yi. Ta juya ba ta musa ba. Sai da ta sha kwana ta tsaya ta yi wa kanta faɗan da ba ta taɓa yi wa wata mai jego ba. Komawa kuwa ba ta cikin lissafinta. Ta bar titi ta shiga lunguna, tana tsallake kwatoci, tana tambayar hanya ta tagogin mutane. Tafiyar ta ninka, ranar bazara ta buɗe, wayarta kuma caji ya ƙare.

A Tudun Wada azahar ta same ta. Ranar Juma'a ce, lokacin da ya kamata a ce tituna sun cika da fararen kaya da dardumai, an tare hanya saboda sahu. Ta ji ladan ya yi kira, ya ƙare da cewa kowa ya yi salla a gidansa, daga nan shiru. Ta zauna a rumfar wani rufaffen shago ta yi kuka. Ta ce a ranta, yau ga Juma'a guda an ajiye ta don a tsare rai, kuma malamai sun ce ba laifi. Ta daɗe tana juya wannan magana kafin ta miƙe.

Gidan da su Shamsiyya ke haya a Kinkinau babban gida ne mai ɗakuna da yawa, da ƙofar ƙarfe. Ta same ta a garƙame, an ajiye bokitin ruwa da sabulu a gefe. Ta ƙwanƙwasa har hannunta ya yi zafi kafin wata mata ta leƙo ta 'yar kafar ƙofa. Matar mai gidan ce. Ta ce maigida ya hana baƙi shiga, 'yan barka ma tun jiya ake mayar da su, in ba mahaifiyar mai jego ba babu wanda za a buɗe wa.

"Mahaifiyarta kuwa, baiwar Allah, ta rasu bara," in ji matar. "Har Katabu muka je gaisuwa. Ke wace ce a wurinta?"

Maganar ta soki Safara'u, don matar ba ƙarya ta yi ba, abin da aka nuna wa duniya ta faɗa. Kafin ta haɗa amsa an rufe kafar, ta ji takun matar yana nisa.

Ta sauke kayan kanta. Ta ja takunkumin ƙasa. Sunan nan tun ranar da liman ya raɗa shi yake cikin bakinta, ba ta taɓa barinsa ya fito ba ko a ɗaki ita kaɗai. Ta ja numfashi.

"Shamsiyya!"

Da a ce garin yana yadda yake kullum, da janareto da babura sun haɗiye muryar tsohuwa. Amma ranar Kaduna shiru take, sunan ya tsallake katanga ya ratsa tsakar gida, har ita kanta ta ji ya dawo mata. Ta sake kira, ta ƙara da cewa, "Ni ce uwarki, ni na haife ki."

Ta ji an buɗe wata ƙofa a ciki, ta ji Ubaidullah yana cewa ta bi a hankali, sannan ƙarar sakata. Shamsiyya ce tsaye, ta dafa bango, fuskarta duk ta faɗa. Matar mai gida na bayanta ta kama baki. Uwa da 'ya suka dubi juna, abin da ba su saba ba.

"Yaya," in ji Shamsiyya, hawaye na zubo mata, "ashe kin san sunana."

Safara'u ta sunkuya kan bokitin nan, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta daɗe tana wankewa don kada a ga fuskarta. Da ta ɗago ta mayar da takunkuminta, ta ɗauki ganyenta, ta tambayi surukinta inda itace yake. Sannan ta juya ga 'yarta.

"Wuce ciki, Shamsiyya, kada iska ta buge ki. Kukan ki adana shi, yanzu za ki yi mai dalili."

Matan gidan sun ce sun kasa kunne da yammacin nan, suna jiran ihun da aka san masu jegon Safara'u da shi. Sun ji saukar ganye a baya, sun ji mai jego ta kira uwarta kamar yadda kowace ke yi. Abin da ba su taɓa ji ba a wurin wanka shi ne mai riƙe da ganyen ta amsa.