Akuyar da Yaya Asabe Ta Saka a Kogi

A gidanmu na Tudun Wada ba don tatsuniya ake hura wuta ba. Kakarmu, Inna Mairo, gyaɗa take soyawa a cikin rairayi kullum bayan magariba, washegari a ɗura a kwalabe a kai wa masu tireda a Kongo, ɗalibai su saye. Mu jikoki aikinmu shi ne murza wadda ta huce a faifai mu hure ɓawon. Tatsuniya ita ce ladanmu, kuma wanda aka kama bakinsa na motsi ya yi asarar ta ranar. Gidan haya ne, don haka 'ya'yan maƙwabciyarmu Mama Obinna ma da su ake zama, har sun fi mu iya amshi.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa ludayin ƙarfe a bakin kasko ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita." In ta gama ta ce, "Baƙuwa ta tafi, a naɗe tabarma." Ni kuwa Maigida take ce mini, ta ƙara da cewa ba ta taɓa ganin miji marar cefane irina ba.

Wadda muka fi so ita ce ta yarinya mai tallan gishiri. Kasuwa na ƙetaren kogi, ranar kuma babu kwalekwale. Sai kada ya taso ya ce zai ƙetare da ita, amma sai ta yi masa kirari, don tun da aka halicce shi ba wanda ya taɓa yabonsa. Sharaɗin ɗaya ne: in ta faɗi abin da babu shi a jikinsa, zai nutse da ita gishirin ya narke. Yarinya ta duba idanu, ta duba haƙora, ba ta ga abin yabo ba. Ta tsaya a gaɓa har rana ta take. Can ta lura da faɗin bayansa, sai ta rera, "Mai baya shimfiɗar dutse, wanda ya hau ka bai jiƙe ba." Mu kuma mu amsa, "Bai jiƙe ba." Kada ya ji daɗi ya kai ta, ta sayar da gishirinta a bushe.

Wata damina ƙanwar Inna, Goggo Laraba, ta rasu a Kwangila. Tare suka tashi, a tabarma ɗaya suka koyi tatsuniyoyin nan. Da aka share makoki Inna ta dawo bakin murhunta. Ta ƙwanƙwasa kasko, muka ce a shigo da baƙuwa. Ta buɗe baki ta rufe.

"Baƙuwa ta juya," in ji ta. "Ku murza."

Washegari ma haka. Daga nan ta daina ƙwanƙwasawar gaba ɗaya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, gyaɗarta kuma ba ta sauya ba. Baba ya ce a ƙyale ta, aka ƙyale ta har ruwa ya ɗauke.

Babbar yayarmu Asabe tana sakandare a lokacin, kuma ba ta taɓa ba kowa tatsuniya ba. Wata yamma sai ta ɗauki cokali ta buga a gefen faranti ta ce ga baƙuwa. Muka amsa a ɗarare. Ta ce wata yarinya ce mai tallan ƙwarya ta zo bakin kogi, sai ga akuya ta ɓullo daga ƙarƙashin ruwa. Muka dubi Inna, tana ta juya gyaɗarta. Asabe ta ci gaba, akuya ta ce a biya ta kuɗin mota. Da ta zo kan waƙar, ta ja ta da wata murya kamar ana jan buhu a siminti.

Inna ta ajiye ludayi. "Ke Asabe, a wane kogin kika taɓa ganin akuya tana nutso?"

"Ai haka kika ba mu, Inna."

"Ni? Allah ya tsare bakina. Kada ne. Kuma gishiri take talla, in ƙwarya ce me ruwa zai yi mata? Matsa can."

Inna ta ɗauko tatsuniyar daga farko har ƙarshe, da waƙar da komai. Ranar ce kaɗai na san gyaɗar Inna ta ƙone.

Yanzu rubuta talla ne aikina, a wani ƙaramin ofishi a Kongo: na rediyo, na allon bakin titi, na waya. Bara sai kaina ya ƙafe. In buɗe kwamfuta, in rubuta layi, in goge, in sha shayi, a tashi aiki. Na gwada yawo da ƙafa, na gwada sauraron tallan wasu a cikin keke mai ƙafa uku. Oga ya karɓe ayyuka daga hannuna ya ba abokin aikina. Da aikin wani Alhaji mai sana'ar katifa ya zo, sai Oga ya ce, "Malam Nasiru, in wannan ma bai fito ba ranar Litinin, sai mu zauna mu yi magana." Na san maganar. Ina da iyali, kuma ban iya wata sana'a ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Na tuna da kada, ba shakka. A nemi abu ɗaya na gaskiya a jikin kaya a yabe shi. Ni da kaina nake faɗa wa sababbin ma'aikata haka. Sanin hakan bai rubuta mini ko layi ɗaya ba.

Ranar Lahadi na je gaishe da Yaya Asabe, wadda yanzu take sayar da atamfa a kasuwar Tudun Wada. Na same ta tana girki. Ta dube ni ta tambayi abin da ke cina, na gaya mata.

"Katifa ko? Bari in yi maka," in ji ta. Ta gyara murya irin ta rediyo. "Jama'a ku zo ga katifa mai kusurwa huɗu, tana da sama tana da ƙasa, wanda ya kwanta a kanta in da rabo zai tashi."

"Haba Yaya, wa zai sayi katifa don kusurwa? Mutumin da ya yini a kan acaɓa, bayansa yake ji. Da bayan za ki fara."

"Sai kuma me?"

Na faɗa mata sai kuma me. Ina cikin faɗa na ciro waya na fara rubutawa. Ita kuwa ta koma kan tukunyarta tana cewa, "Inna sai da na kai waƙa kafin ta tanka. Kai tun a kusurwa ka faɗo."

Sai a ranar na san da gangan ta saka akuyar.

Na kai tallan ranar Litinin, har yau ina ofishin. Ba wani tallan a zo a gani ba ne, amma ya fito. Abin da na fahimta shi ne, mai sana'a yakan rasa ta inda zai fara, amma da wuya ya iya zama shiru ana ɓata sana'arsa a gabansa. Inna ba mantawa ta yi ba, ni ma haka. Yanzu in na ƙafe, da hannuna nake rubuta mafi munin tallan da zan iya, in karanta da ƙarfi har raina ya ɓaci.

Kafin in bar gidan ranar, na tambayi Yaya ko Inna ta rasu ba ta gane dabarar ba.

"Ta gane mana," in ji ta. "Washegari ta tara mini ƙonanniyar gyaɗar nan a ƙwarya, ta ce in kai wa akuyata."