Marin Dattijo a Tashar Mota

An mari dattijo a tashar mota saboda tsohuwar fassarar Alƙur'ani ta Turanci da yake karantawa. Ga shi durƙushe, leɓe na jini, tabarau a fashe, yana tsince takardun da suka watse. Kowace ya ɗauka sai ya goge ta da bakin rigarsa. Da gani, tun yana saurayi yake tare da littafin nan.

"Baba, kafiri ne fa ya fassara shi!" in ji ƙaton direban da ya mare shi.

"Na sani, ɗana. Larabcin ne ban iya ba. Da shi na fahimci abin da nake karantawa a sallah."

Shugabannin tasha, ku sa mara kunyar nan ya durƙusa ya tsince sauran da hannunsa!