Ordinatar Cikin Tulun Toka

Ina koyarwa a wata lakwal ta Keita, furfura ba ta san kaina ba tukuna, na fara ganin ordinatar. Na je biron masu aikin raya ƙasa ne neman itatuwan da za mu dasa a filin lakwal. Sai ga wani akwati mai baƙar fuska, mutum na danna maɓallai, haruffa tsanwa shar suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na mance abin da ya kawo ni, sai da mai gadi ya taɓa kafaɗata ya ce za a rufe.

Da na aje alli na koma gidanmu a Tamaske, duniya ta riga ta wuce wurin. Kowane ɗan ci-rani ya dawo daga Abijan da waya a aljihu wadda ta fi wancan akwatin ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma tambaye shi abin da ke cikinta, sai ya yi maka dariyar rashin sani. Ni ba irin wannan nake so ba. So nake in haɗa tawa irin ta da, wadda kowace waya da ke cikinta ni na ɗora ta, na kuma san inda ta nufa. Burina bai wuce in ga harafi ɗaya tsanwa ya fito a fuskar tele, in san aikin hannuna ne.

Kayan sun zo mini kamar ruwan shekarar fari, yau ɗigo, gobe shiru. Tsofaffin rediyo na kasuwa na fasa na cire abin da ke da amfani. Ƙwaƙwalwar na'urar kuwa, wani baƙin abu mai ƙafafu jere a gefe biyu, wani tsohon ɗalibina ne ya tsinto mini ita a kasuwar ɓarayi ta bakin teku. Matata na ganinta ta sa mata suna shanshani. Ƙarfen liƙi a gawayi nake gasa shi, yadda masu gyaran rediyo ke yi, in narka dalma in liƙa siraran wayoyi na jan ƙarfe. Duka na kafa su a kan wani allon katako na tsohon tebur. Pano ɗaya na hasken rana da batirin mota suka ba ni wuta.

Shekaru na yi a haka, ba na gaggawa. Mutanen fadar da muke hira, da har yau Mushe suke kirana kamar kowane malamin lakwal, suka ce Mushe ya tsufa ya koma wasan yara, na ce su da suka tsufa suka koma dara da gulma fa? Kullum ina cewa sannu ba ta hana zuwa. Rabi na biyu na karin maganar ne nake haɗiyewa.

Ranar da ƙananan fitilu jajaye suka fara ƙiftawa bi da bi, alamar shanshani ya farka yana ƙirga, na kira matata daga bakin murhu. Ta goge hannu, ta duba, ta ce, “To, Mushe, shi ke nan abin? Ƴan wutar ga munka yi shekaru muna jira?” Na ce saura rubutu. Ta ce Allah shi kai mu, ta koma ga tuwonta. Amma na ji ta da maraice tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga cewa abin maigida ya buɗe ido.

Nawa idon ne ya fara rufewa. Daga gefe abin ya soma, kamar mai leƙe ta bakin rijiya, bakin kuma yana ƙara tsukewa. In kai ƙarfen liƙi inda nake zaton waya take, in ƙone yatsa. Ƴan fada suka samu na faɗi: garin neman gira an rasa ido. Na ji haushi ƙwarai, har na daina fita. Da damina ta kama, ɗana ya zo ya tafi da ni asibiti a birni. Kafin in hau mota na ce wa matata ta kula mini da allon, gara ta fara ɓullowa a bangon ɗakin.

Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage za a yi ta ɗiga masa magani ko ya daɗe kaɗan. Na zauna gidan ɗana damina guda, ana auna ni ana sakewa. Ban yi tunanin gona ba, Allah ya yafe mini. Lissafina ɗaya: ragowar hasken nan zai ishe ni in haɗa allon da tele? Aikin da ya rage bai fi na ƴan makonni ba. Na ce zai isa, in na yi sauri sau ɗaya a rayuwata.

Na dawo ana girbin hatsi. Ko fura ban sha ba na shiga ɗakin. Teburin wayam.

“Kwantar da hankalinka,” in ji matata. “Gara tac cinye ƙahwar tebur, ta hau tana biɗar katakon naka. Sai nis sa shi wurin da ba ta isa ba.”

Ta ja ni zuwa lungu, ta buɗe babban tulun nan mai faɗin baki. A nan take ajiyar irin wake kowace shekara, ta binne shi cikin toka, ƙwaro ba ya kusantarsa. Haka uwarta ta yi, haka uwata. A gidanmu abin da ake ji da shi ne kawai ake sa wa toka. Ashe ta kwashe irinta ta zuba a buhu, ta bar wa ƙwari, ta ba allona wurin.

Na tura hannu. Tokar ba ta tashi ba. Ta yi dunƙule, da sanyi, da santsi kamar sabulu. Rufin lungun ya yi yoyo da ruwan watan takwas, ya ɗiga ta gefen murfin ba wanda ya lura. Ni da na koyar da yara shekara da shekaru, na san abin da jiƙaƙƙiyar toka take yi. Da ita ake sabulu, ita ke cin hannun mai wanki.

Na ciro allon, na shafa. Wayoyin da na ɗora ɗaya-ɗaya suka rinƙa marmashewa a yatsuna. Na taɓa shanshani, ƙafafunsa suka biyo ni. Na kai allon bakin ƙofa, na juya shi a rana, ban ga komai ba sai dishi-dishi. Fushi ya taso mini, ya rasa wanda zai faɗa wa.

“Duba mini,” na ce. “Wace kala kika gani bisa wayoyin?”

Ta sunkuya. “Tsanwa ta, Mushe. Duk sun yi tsanwa.” Sai ta ƙwanƙwasa katakon da farce, na ji murmushi a muryarta. “Amma ji shi, garau. Ko gara guda ba ta taɓa shi ba.”

Na ce haka ne, ba ta taɓa shi ba. Na ce Allah shi saka mata da alheri, kuma har zuciyata na faɗa.

Tsohon ɗalibin nan ya aiko cewa zai nemo mini wani shanshanin. Na ce ya bari. Zare ma yanzu ba na iya sa wa allura, balle waya a ƙafar da ba ta kai ƙwayar hatsi ba. Allon na nan bisa sabon tebur, matata ta karkaɗe shi tas, ta ɗora ƙafafun teburin cikin gwangwanaye saboda gara. Bana ba mu da irin wake, ƙwari sun gama da na buhun. Wani lokaci in tana shara sai ta tsaya ta tambaye ni yaushe abin zai fara rubutu. Nakan ce mata sai ido ya yi sauƙi.