Cinyar Tursunoy Mai Gurasa

A unguwarmu ta Margilan babu gidan da bai ci gurasar Tursunoy ba, wadda muke kira Hola, wato goggo. Tun ina yarinya nake ganinta a bakin tanderu, hannu naɗe da tsumma, tana manna gurasa tana zagin hayaƙi. Mijinta ya rasu da wuri, da tanderun nan ta raini 'ya'ya huɗu har ta aurar da su.

Ta haura sittin lokacin da ta zame a kan ƙanƙara ta karya wuyan hannu. Likita ya auna ta, ya ce ƙasusuwanta sun zaizaye. Ya ɗora ta a kan wata ƙwaya, ɗaya a mako, da safe kafin a karya kumallo, da ruwa kofi cike, ban da kwanciya bayan an sha. Ya ce ta riƙa dawowa yana dubawa. Sai aka mayar da shi Tashkent, ita kuwa ba ta ga amfanin bin layin asibiti ba, tunda ga kantin magani a bakin titi. Haka ta yi ta sha, shekara kusan goma.

Daga baya cinyarta ta dama ta fara ciwo, can ciki, ba mai tsanani ba amma ba ya tafiya. Dilrabo, matar ɗanta, ta dame ta.

"Inna, mu je a duba ƙafar nan."

"A duba me? Tsufa ne, ke ma yana nan yana jiranki. Miƙo min riɗi."

Wata rana da hantsi Hola ta juya za ta ajiye faranti, muka ji ƙas! kamar an karya busasshen reshe. Ina nan tsaye ina jiran gurasata. Sai ga Hola a ƙasa.

A asibiti kowa ya tambaye ta yadda ta faɗi, sai ta fusata. "Ba faɗuwa na yi na karye ba, karyewa na yi na faɗi!"

Wata likita, Nigora, ta ji wannan magana ta tsaya cak. Ta tambayi magungunan da take sha, da tun yaushe. Nan take ta sa a ɗauki hoton ɗaya cinyar ma, mai lafiyar. Aka ga tsaga siririya ta soma. Aka sa wa duka biyun ƙarfe.

Da Hola ta farfaɗo, likitar ta zauna bakin gadonta ta yi mata bayani: maganin yana hana ƙashi zaizayewa, amma idan aka daɗe ana sha ba a dubawa, wasu kaɗan ƙashin cinyarsu yakan yi tauri ya rasa danƙo.

"Ashe guba na yi ta saye! Bari in tashi, sai na sa matan unguwa sun zubar da shi a kwata."

"Kada ki soma, Hola. Mai yiwuwa shi ya tsare miki baya da ƙugu duk shekarun nan. Ce musu su zo mu gani. Wata a ba ta hutu, wata ta ci gaba."

Hola ta yi wata biyu tana fushi, har da Dilrabo da ta karɓi tanderu. "Wannan gurasa ce ko takalmi?" Amma tana cinyewa.

Da ta fara takawa da sanda, aka kafa mata kujera a ƙofar gida, tana buga wa gurasa ado tana miƙa wa masu saye. Duk tsohuwar da ta zo sai ta sha tambaya. Kina shan ƙwayar ƙashi? Yaushe rabonki da likita? Cinya fa? Haƙori fa, kin faɗa wa mai cirewa kina sha, tunda an ce tana shafar muƙamuƙi?

Salomat mai ɗinki ta ce, "Ke, gurasa na zo saye, ba awo ba."

"Ai kuwa ba za ki samu ba sai kin je asibiti. Na ga yadda kike ɗingishi."

Salomat ta je don a rabu da ita, ashe ita ma ta daɗe tana shan ƙwayar. Aka tarar da tsaga, aka tsayar da maganin, aka yi mata aiki kafin ta karye.

Bana aka yi bikin jikar Hola. Da makaɗa suka ɗauka, Hola ta miƙa wa Salomat sandarta ta shiga fili, tana ɗaga hannu a hankali, Dilrabo na biye da ita tana roƙonta ta zauna.