Karen da Ya Ƙi Amsa Kira

A gidanmu na Ngojin, kakata Iya Hauwa ce mai tatsuniya. Bayan sallar isha'i takan tura sauran itace cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta da karin harshen Ngizim take fita, amma ba mai yi mata dariya.

"Ga ta nan, ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan maimaita masa ba."

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta mafarauta biyu da suka raba 'yan kwikwiyo na uwa ɗaya. Na farko ya sa wa nasa suna Duna. In ya yi ɓarna, sai ya kira shi da murya mai daɗi, yana zuwa ya zabga masa tsumagiya. Cikin wata guda Duna ya iya kwanta, ya iya tashi, ya iya ɗauko.

Na biyu bai yi gaggawar koya wa nasa komai ba. Zama yake a ƙasa, ya gutsuro tuwo, ya jira. Ba ya kira sai da abin kirki a hannu. Abin da ya hana yau, gobe ma hanawa yake. Sai da kwikwiyon ya fara kallon fuskarsa kafin ya motsa, sannan ya shiga daji da shi.

Rannan kura ta rutsa da su. Na biyu ya kira sau ɗaya, karensa ya faɗa mata. Na farko yana ƙasa yana ihu, "Duna! Duna!" Duna ya ji sunansa, ya ƙara gudu.

Na ce, "Iya, wannan kare butulu ne."

Ta ce, "Ji mijin banza. Abin da aka koya masa ya yi. A wurinsa, sunan nan bulala ne."

Na girma ina lodin shanu a kasuwa. Duka na sha, duka na bayar. Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, Habu. Ban taɓa bin sa da gudu ba. Kira nake, ya zo ya durƙusa, in doke shi. Maƙwabta har yaba mini tarbiyya suke.

Bara bijimi ya karya mini ƙugu. Har yau ina kwance, ba mai juya ni sai maƙwabci. Habu yana Fika, ba wani nisa. Kullum ina kiran wayarsa. Tana shiga, ba ya ɗauka. Na san yana ganin sunana.

Masu zuwa dubiya suna ce masa butulu. Ni ban taɓa faɗa ba. Abin da na koya masa yake yi.