Benen Inna Kande

Idan ana zancen maginan Dutsin-Ma, ba a tsallake Rabe. Hannunsa a miƙe yake, in ya jera bulo ko igiya aka ja ba za a ga inda ya karkace ba. Sai dai bakinsa ya fi hannun sauri, kuma da bakin ne ya gina wa mahaifiyarsa bene a Kurfi shekaru masu yawa da suka wuce, wanda babu mahalukin da ya taɓa hawansa.

A Kurfi aka haife shi. Mahaifinsa maginin ƙasa ne, irin waɗanda da sun murza ƙasa a yatsa sun san ko za ta riƙe. A wurinsa Rabe ya koyi kwaɓa da dunƙula tubali da jera azara. Da tsohon ya rasu, abin da ya bar wa matarsa Kande shi ne ɗaki guda na ƙasa a cikin fili mai faɗi, da ɗan zaure, da kuma al'adar da kowa ya sani a garin: duk bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai an bi bango da yaɓe. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Shekarar da aka hana shi yaɓe, damina za ta ɗebi rabonta a jikinsa. Shekarun farko Rabe bai taɓa fashi ba, kafin ya taɓa bangon kowa sai ya gama da na Inna.

Sai jami'a ta zo Dutsin-Ma, duk mai ɗan fili ya tashi gina ɗakunan haya na ɗalibai. Rabe ya tattara ya koma can, ya kama aikin siminti, ya ƙware, ya yi aure, ya fara kallon ginin ƙasa kamar tsohuwar rigar da ta yi masa kaɗan. A wani wurin aiki ne ya haɗu da Injiniya Naziru, wani matashi mai son jama'a da yawan zuwa tarurrukan ƙara wa juna sani. Da rana, in ma'aikata sun zauna cin rogo da ƙuli, sai injiniya ya tsaya a kansu yana ba su abin da ya kwaso: mutum ya yarda da kansa, kada ya yi ƙaramin buri, kuma ya faɗi burinsa a gaban mutane domin kunya ta riƙa tura shi. Kada a zalunci bawan Allah, ya kuma ce a raba buri gida-gida, a fara da wanda hannu zai iya kaiwa. Wannan kashin ne Rabe ya ga ba da shi ake ba, da leburori ake.

Ranar sunan ɗan ƙanwarsa Tani, ana tsakiyar rabon goro a Kurfi, Rabe ya gyara murya ya shaida wa duniya cewa zai rushe ɗakin Inna ya tayar mata da bene. Maza suka ce Allah ya cika buri. Labari ya shiga cikin gida, Inna Kande, wadda ko dokin ƙofa sai ta dafa bango take tsallakawa saboda gwiwa, ta tambayi Tani wa zai riƙa ɗaukarta zuwa saman. Aka kai wa Rabe tambaya, ya aiko da amsa cewa ai ita a ƙasa za ta zauna. Ta ce to, ba ta ƙara ba.

Ba za ta ƙara ba kuwa, domin Rabe ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai ta juya wajen Tani ta faɗa, shi kuma ya tsinta. Uwar da ke jin nauyin ɗanta haka ba za ta tsare shi da gardamar gini ba.

Daga wannan shekara yaɓe ya tsaya. Hujjar Rabe a tsare take, ba ta da ɓaraka: wanda ya yaɓe ɗakin da zai rushe, ai ya nuna yana shakkar kansa ke nan. Kuma da an gan shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a hannu, mutanen Kurfi za su ce magini ya sauko daga bene. Mijin Tani, manomi ne marar hayaniya, ya ce shi zai yi yaɓen in an ba shi dama. Rabe ya ji kamar an mare shi. A ce uwar magini guda, suruki ne ke lallaɓa mata bango? Ya yi godiya da baki mai sanyi, ya ce a bar masa kayansa, baɗi war haka babu ɗakin ma balle bangonsa.

Baɗi ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Abin da Rabe ke samu tukunyar gidansa ke cinyewa, ga haya, ga yara, ga siminti da kullum sai ya kwana ya tashi da sabon farashi. Amma benen bai tsaya ba, ƙaruwa ma yake yi. Duk gidan da Rabe ya yi aiki ya ga wani abin sha'awa, sai ya ɗauko ya ƙara wa na Inna. Ya sa masa baranda, ya shimfiɗa masa tayil, ya ɗora masa tankin ruwa. Akwai shekarar da ya canza wa matakala wuri saboda iska. Matarsa Kyauta ta san gidan nan lungu-lungu, har takan ce in an tashi rabon ɗakuna a ba ta mai kallon gabas.

Tsokana ce ta jawo abin da ya biyo baya. Wata ranar kasuwar Kurfi, wani mahauci abokin wasansa ya ɗaga murya a cikin mutane ya tambaye shi ko ana hango madatsar ruwan Zobe daga saman benen. Aka yi dariya, har da waɗanda ba su san zancen ba. Rabe ya yi yaƙe, amma maganar ta kwana tana cin sa. Satin bai ƙare ba ya sauke leburori da diga da shebur a gidan Inna. Aka ja igiya, aka zuba toka, aka haƙa ramin harsashin gini tun daga bakin zaure har ƙarshen fili. Ramin ya bi ta kan ɗan wurin da Inna ke shuka kuɓewa da yakuwa, ya zagayo ya wuce dab da bayan ɗakinta. Jar ƙasar da aka fitar aka tara ta tuli guda a gefe. Ranar Rabe ya yi tafiya a Kurfi kamar wanda ya dawo daga Makka. Daga nan kuma aljihu ya ce ya gaji.

Damina ta sauka ta tarar da rami a buɗe, ta cika shi. Kwaɗi suka samu gida kafin mai gida. 'Yan tsakin Inna suka riƙa faɗawa ciki, ita kuma aka gitta mata katako take bi a hankali in za ta madafa.

Kada wani ya ɗauka Rabe bai san abin da ruwa ke yi wa gindin bangon ƙasa ba. Ya sani sarai, ya fi kowa sani. Duk zuwan da zai yi sai idonsa ya kai kan wata tsaga da ke hawa bangon ɗakin Inna daga ƙasa, ya kawar da kai. Yana son tsohuwar nan har cikin ransa, kuma tsoro yake ji na gaske. Amma da ya hau mota zai koma Dutsin-Ma sai ya lallashi kansa cewa tsagar nan ma alheri ce, tana tuna masa ya ƙara himma. Cike ramin kuwa bai ko bari ya zo masa a rai ba, domin ramin nan shi kaɗai ne shaidar da yake da ita cewa ba maƙaryaci ba ne.

A damina ta biyu bayan haƙa ramin, marka ta zauna kwana da kwanaki. Wata la'asar suna fake a ƙarƙashin rumfa a wurin aiki, wayarsa ta yi ƙara. Tani ce. Ta ce bangon baya ya zauna, rufin ya bi shi. Rabe bai tsaya jin sauran ba. Hanyar Kurfi da ya saba bi yana tsara ɗakuna a kansa, ranar ya bi ta yana salati, bai san ma ya baro takalminsa ɗaya a wurin aiki ba.

Ya tarar da Inna zaune a zaure, lafiya lau, tana jan carbi. Gadonta na ƙarfe a jingine, akwatinta da kwanukanta da buhun gero duk a jere, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Tani ta ja shi gefe ta gaya masa cewa tun farkon damina Inna ke kwashe kayanta ɗaya bayan ɗaya, kuma ta daɗe da komawa kwana a zaure. Matar magini ce, ta san ranar da bango ke sallama. Rabe ya yi hamdala. Ashe ta gani, ta shirya, ta yi shiru don kada ta kunyata shi.

Zauren ma ya fara yoyo. Kyauta ta ce a kawo Inna Dutsin-Ma su matsa mata, Inna ta ce ba ta barin Kurfi. Haka aka kwashe ta zuwa gidan Tani, wato gidan surukin da aka hana yaɓe. Mutumin ya ba ta ɗakin da ya fi kyau, bai ce uffan ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo. A Kurfi ba a buƙatar a yi wa mutum bayani: uwarsa na zaune a gidan suruki, shi kuwa magini ne.

Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, Rabe ya zo ya tsaya a cikin filin shi kaɗai. Ba shi da abin sayen bulo. Abin da yake da shi tulin jar ƙasar nan ne, wadda ta sha damina biyu ta yi laushi. Ya duƙa ya murza ta a yatsa, ya ji irin wadda mahaifinsa ke yabo ce. Ya naɗe wando, ya nemo ciyawa da ruwa, ya shiga kwaɓa.

Da kunya ya fara aikin. Duk wanda ya leƙo ta katanga ya tambaya, sai ya ce sito ne yake yi na ajiye simintin bene. Amma hannu bai san ƙarya ba, ya tuna duk abin da aka koya masa, har ya ƙara da nasa. Ya tayar da ɗakin nesa da rami, ya ɗaure gindinsa da 'yan bulon da ya samu. Bai sa dokin ƙofa ba, ya bar ƙasan a shafe saboda gwiwa. Ya fafe alkuki a bango daidai inda hannun mai kwance zai kai, don tocila da carbi. Taga kuwa ya saukar da ita ƙasa-ƙasa tana kallon zaure, yadda mai zaune a bakin gado zai ga wanda ya shigo ba sai ya tashi ba. Ya zazzago da bakin kwanon rufi sosai don ruwa ya zuba nesa da bango, ya yi dakali a inda rana ke fara sauka da safe. Wane siminti ne ke buƙatar dakalin shan hantsi, babu wanda ya tambaye shi. Mutane dai suka riƙa zuwa kallo, har wani ya ce a yi wa tsohuwarsa irinsa. Rabe ya ɓata rai, ya ce shi ba maginin ƙasa ba ne.

Mata suka yi daɓe, ɗaki ya bushe, aka dawo da Inna wata safiya. Ta shiga ba tare da ta dafa komai ba, ta tsaya, ta waiga ta dubi ƙofar. Ta zauna a bakin gado ta miƙa hannu, hannun ya faɗa cikin alkuki. Ta duba ta taga. Rabe na tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, zuciyarsa cike da jin cewa ya gaza, ya yi alkawarin bene ya ƙare da ɗakin ƙasa. Ya ga dole ya ce wani abu don kada ta ɗauka iyakarsa ke nan.

"Inna, a yi haƙuri da wanga. Na wucin gadi ne, kafin a tada babban."

Ba ta dube shi ba. Ta shafa bangon da tafin hannunta, ta juya wajen Tani.

"Ki ce ma shi ni ma ta wucin gadi ce. Wanga ya ishe ni, Allah shi yi albarka."

Rabe ya ɗago. Ya ga hannun da ke kan bangon, fata ta saki, jijiyoyi sun fito. Shekarun nan duka farashin siminti yake bi da ido, bai lura da abin da suke ɗiba a jikinta ba.

Ya tashi ya zagaya bayan ɗaki inda ya jingine shebur. Ya fara tura ɓaraguzan tsohon ɗakin cikin ramin. Can mijin Tani ya zo da nasa shebur ya tsaya a ɗaya gefen, Rabe ya matsa masa. Wani mai wucewa ya leƙo ta katanga, ya ga ƙura na tashi, ya yi musu sannu da aiki, ya tambaya ko aikin bene ne ya tashi. Rabe ya share ido da gefen hannu, ya amsa sannun, ya ci gaba da zuba ƙasa.