Tsinken Gamba a Bakin Baba

Jiya toka ta sauka a kan wankin da na shanya, 'yata mai ciwon asma kuma ta wuni tana tari. Gandun dajin da ke hanyar Obi ne ya ƙone ƙurmus. Sai na tuna Baba, wanda ya yi gadinsa har ya rasu.

Da ruwa ya ɗauke, yakan karya tsinken gamba ya tauna. In da sauran danshi, ranar zai sa wuta. Wata safiya na kai masa kunu, na tarar wutar tana rarrafe, iyakarta gwiwa. Hayaƙin fari ne, mai ƙanshin ɗanyar ciyawa, ganyen kaɗanya ko yaushi bai yi ba.

Na ce, "Baba, mai gadi da ƙona daji?"

Ya tofar da tsinken ya ce, "Yanzu wutar tana jin magana. In ciyawa ta bushe, ba ta jin ta kowa."

Waɗanda suka gaje shi suka ce ƙauyanci ne. Suka kafa allon ƙarfe mai cewa an hana sa wuta, ciyawa ta yi ta taruwa. Yau allon kaɗai ke tsaye.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi inuwa mai sanyi. Su kuwa, su je su sha inuwar allonsu.